Darasi na Tara: Wa Ke Rabon Duhu?

Ku saurari yadda muke maganar wutar lantarki a gida da kasuwa. "An kawo." "An ɗauke." "Yau kwana uku ba a kawo ba." Da irin wannan harshe muke maganar ruwan sama da hazo da sanyin hunturu, abubuwan da ba su da ofis, ba su da ma'aikaci, ba kuma wanda za a je a tambaya. Kalmar nan "an" tana da amfani a Hausa wajen sakaya wanda ya yi aiki, ko don kunya ko don ba a san shi ba, amma a maganar wuta ta cuce mu, domin ta saba mana da ɗaukar duhu kamar abin da yake saukowa haka nan. Ko sunan da muke kira idan haushi ya kama mu, wato NEPA, sunan hukuma ne da aka rushe tun shekarar 2005. Abin da wannan darasi yake so ya kafa shi ne, yawancin ɗauke wutar da muke gani kullum shawara ce da wasu mutane suke yankewa a bakin aikinsu, kuma duk shawarar da aka yanke a kan jama'a, haƙƙinsu ne su san lokacinta da dalilinta da wanda ya yanke ta. Ƙarancin wuta ciwo ne da zai ɗauki shekaru kafin ya warke. Ɓoye yadda ake rabon ɗan abin da ya samu kuwa, ana iya daina shi a cikin watan nan.

Sai mun san yadda wutar take tafiya kafin mu gane haka. Wutar babban layin ƙasa ba ta ajiyuwa kamar hatsi a rumbu. A daidai lokacin da aka samar da ita a tasha, a lokacin ake shan ta a gidaje da masana'antu, kuma dole abin da ake samarwa ya yi daidai da abin da ake ja. Idan masu ja suka fi ƙarfin abin da ake samarwa, injinan tashoshi sukan kashe kansu don kada su lalace, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa duka ta faɗa cikin duhu. Wannan shi ne rushewar babban layi, kuma ya faru fiye da sau 10 a shekarar 2024 kaɗai. Tashoshin Nijeriya, in an haɗa ƙarfinsu a takarda, sun kai kimanin megawat 13,000, amma abin da yake isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. Don kada layin ya rushe, cibiyar kula da shi da ke Osogbo takan yanka wa kowane kamfanin rarraba wuta kasonsa, shi kuma kamfanin ya raba wa layukan da ke ƙarƙashinsa, waɗanda ma'aikata suke kira fida. A ƙaramar tashar da ke bayan gari akwai ma'aikaci zaune gaban allo da littafi. Umarni zai zo masa, ya kashe layin unguwa kaza, ya kunna na unguwa kaza, ya rubuta lokacin. Duhun da ya rufe gidanka da ƙarfe bakwai na dare yana rubuce a wani littafi, da sa'arsa da mintinsa. Akwai duhun da lalacewar taransifoma ko faɗuwar falwaya ke jawowa, wannan daban ne. Amma na yau da kullum rabo ne, kuma rabo ba ya yin kansa.

Tarihin gajere ne. An buɗe madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka kafa NEPA a 1972, Jebba ta biyo baya a 1985, Shiroro a 1990. Daga nan jama'a suka yi ta ƙaruwa, gina tashoshi ya yi sanyi. Dokar 2005 ta wargaza NEPA ta kafa hukumar NERC don sa ido, sannan daga ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka fara miƙa kamfanonin samar da wuta da kamfanonin rarrabawa guda 11 ga 'yan kasuwa. Kamfanin KEDCO ke kula da Kano da Katsina da Jigawa. Kamfanin Kaduna ke da Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi. Na Jos yana da Filato da Bauchi da Gombe da Binuwai. Na Yola kuma Adamawa da Taraba da Borno da Yobe. Manyan layukan dakon wuta suka zauna a hannun gwamnati ƙarƙashin kamfanin TCN. Wannan rarrabuwa ta haifar da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Mai rarrabawa ya ce ba a ba shi wuta ba, mai dako ya ce tashoshi ba su samar ba, tashoshi su ce masu iskar gas sun rufe bututu saboda bashi, masu gas su ce ba a biya su ba. Kowace magana a cikinsu tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma ta zama maɓoya mai kyau. Mai biyan kuɗin wuta shi kaɗai ne ba shi da wanda zai tura wa laifi.

Me ya sa sanin lokaci yake da muhimmanci har haka? Domin wutar awa shida da aka san lokacinta ta fi wutar awa takwas da take zuwa a ɓoye. Ku dubi mai ƙosai. Ta jiƙa wake tun la'asar, ta surfe, ta aika yaro wurin mai niƙa. Idan da wuta, kuɗin niƙa kaza ne; idan sai an tayar da inji, ya ƙaru, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan ƙari ba ƙarami ba ne. Jiƙaƙƙen wake ba ya jiran kowa, in ya kwana ya yi tsami. Da ta san wuta za ta zo ƙarfe huɗu ta tafi ƙarfe goma, da ta tsara jiƙonta a kan haka. Mai walda ya karɓi aikin ƙofa, ya tara yaransa tun safe, suna zaune a inuwa suna kallon ƙwan fitilar da aka bari a kunne don ya nuna musu in an kawo, ga kuɗin abincinsu a wuyansa ko an yi aiki ko ba a yi ba. Mai ƙanƙara ya cika firji da ruwa, wuta ta zo awa biyu ta tafi kafin ruwan ya daskare, awa biyun nan sun tafi a banza amma za su fito a bil. Haka ma'aikaciyar ƙaramin asibiti da ke ajiye allurar rigakafi, wadda take lalacewa in ta rasa sanyi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa rashin tsayayyar wuta yana jawo wa Nijeriya asarar kimanin dala biliyan 26 a shekara. Wani kaso na wannan asara daga rashin wutar ne kanta, wani kason kuma daga rashin sanin yaushe za ta zo, kuma shi wannan na biyun takarda ɗaya da gaskiya ɗaya sun isa su rage shi.

Ba sabon abu ake nema ba. Lokacin da Ghana ta shiga matsanancin ƙarancin wuta tsakanin 2012 da 2016, abin da mutanen can suka sa wa suna dumsor, wato kashe a kunna, kamfanin wutarsu ya riƙa fitar da jadawalin unguwannin da za a ɗauke wa da lokutansu. A Afirka ta Kudu kamfanin Eskom yana sanar da matakin ƙarancin da aka shiga, kowace unguwa kuma ta duba jadawali ta ga sa'o'inta. Mutanen ƙasashen nan biyu ba su ji daɗin duhu ba, sun yi fushi, sun yi zanga-zanga. Amma fushinsu yana da abin kamawa, domin suna iya cewa an yi alkawarin awa kaza, an ba da awa kaza.

Wani zai ce jadawali ba ya ƙara megawat ko ɗaya, kuma buga shi tamkar amincewa ne da gazawa, a mayar da abin kunya ya zama tsari. Rabin farko na maganar gaskiya ne. Rabi na biyu kuwa ya juya lamarin a baibai. Gazawar da ba a rubuta ba ita ce take zama jiki, don ba wanda zai iya cewa bana ta fi bara muni ko ta fi ta sauƙi. Minista zai iya tsayawa ya ce wuta ta inganta, mai sauraro ya san a unguwarsu ba haka ba ne, amma ba shi da abin nunawa sai rantsuwa. Idan kuwa kowane layi yana da sa'o'in da aka yi masa alkawari da sa'o'in da ya samu, a rubuce wata bayan wata, to an samu ma'auni. Da ma'auni ake gane unguwar da ake fifitawa, da shi ake gane ko kuɗin da aka ce an kashe a gyara ya haifar da wani abu. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a nan maganar ta zauna daram: wanda bai san rabonsa ba, ba zai san an tauye shi ba.

Ma'aikatan wuta suna da tasu hujjar, kuma ta fi ta farko nauyi. Sukan ce su kansu ba su san abin da za a ba su gobe ba. Gas yana iya yankewa, ruwan madatsa yana ja da baya da rani, to yaya za su yi alkawarin abin da ba ya hannunsu? Amsar tana cikin tsarin da su da NERC suka kafa da kansu. Tun 2020 an kasa masu shan wuta rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da za a ba su a rana: rukunin A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Hukumar ta kuma shar'anta cewa idan layin rukunin A ya kasa samun sa'o'insa kwana biyu a jere, kamfani ya fito ya bayyana dalili, idan ya kai kwana bakwai a sauke layin zuwa rukunin ƙasa. Ashe ana iya ƙirga sa'o'i, ana iya yin alkawari, ana iya bayyana dalili. Abin da ya rage shi ne a yi wa kowa. A nan ne marubucin wannan darasi yake ganin babban haɗari. Idan wuta ta yi ƙaranci kuma kamfani ya san layin rukunin A ne mai kawo kuɗi, shi ne kuma wanda hukuma ta fi sa wa ido, to daga ina za a yanko wutar cika masa awa 20? Daga unguwannin da ke rukunin D da E, inda mai ƙosai da mai walda suke. Ana iya kare tsarin da cewa mai biya da yawa ya samu da yawa. Abin da ba shi da kariya shi ne a bar na ƙasa bai ma san rukuninsa ba, balle ya san ko awa huɗun da aka rubuta masa sun cika.

Sai maganar mita, wadda ita ce ƙashin bayan duk wannan. A 2024, cikin masu shan wuta kimanin miliyan 13 da ke rajista a ƙasar nan, wajen rabi ba su da mita, ana kawo musu bil na ƙiyasi. Ku ɗauki irin wannan takarda ku duba ta da kyau. Akwai suna, akwai lambar asusu, akwai bashin baya, akwai yawan yunit da aka ce an sha, amma ba wata na'ura a gidan da ta ƙirga wannan adadi. Illar ba ta tsaya ga aljihun mai gida ba. Kamfanin da ke karɓar kuɗi gwargwadon abin da mita ta ƙirga yana yin asara duk sa'ar da ya ɗauke wuta, don haka yana da dalilin hanzarta gyara. Wanda ke karɓa bisa ƙiyasi kuwa, da wuta da babu wuta bil zai fita. A 2020 NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a iya caza wa marar mita, a watan Fabrairun 2024 kuma ta ci tarar kamfanonin rarrabawa 11 kimanin naira biliyan 10.5 saboda sun wuce wannan iyaka. Tarar ta tabbatar da abin da jama'a suka daɗe suna faɗa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya karɓi kuɗin wuta kuma dole ya nuna wutar da ya bayar.

Za a ce, to jama'a fa? Ba su ke jona wuta ta bayan fage ba, su zagaye mita, su ƙi biya, wani lokaci har su yi wa ma'aikaci taron dangi idan ya zo yanke waya? Haka ne, kuma bai kamata darasi irin wannan ya rufe ido a kai ba. Satar wuta sata ce, tana kuma ƙona taransifomar unguwa ta bar kowa a duhu, har da wanda yake biya. Kuɗin da ba a tara ba shi ne bashin da yake hana a biya masu gas. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A watan Fabrairun 2024 kamfanin rarraba wuta na Abuja ya buga sunayen ma'aikatu da hukumomin gwamnati 86 da yake bi bashin kimanin naira biliyan 47. Gwamnatin da ofisoshinta ba sa biya ba ta da bakin yi wa talaka wa'azin biya. Kuma maganin satar da maganin cutar ɗaya ne, wato a auna. In an sa mita a kan taransifoma, an sa a kowane gida, nan take za a ga bambanci tsakanin abin da ya shigo unguwa da abin da aka biya, a san inda yake zurarewa. Mutum ya fi sakin kuɗi a kan abin da ya ga an auna masa, kamar yadda yake yi a gaban mai awo a kasuwa.

Hujja ta ƙarshe ita ce wadda 'yan siyasa suka fi so: an sayar da kamfanonin, yanzu harkar 'yan kasuwa ce. Wannan bai tsaya da ƙafarsa ba. Kashi 60 cikin ɗari aka sayar na kamfanonin rarrabawa, kashi 40 yana hannun gwamnati. Layukan dako nata ne gaba ɗaya. Shugaban ƙasa ke naɗa kwamishinonin NERC, gwamnati ce ta ɗauki alkawarin cike giɓin farashi da tallafi, ita ce kuma ke da alhakin tsaron turakun wuta a daji. Mutanen Arewa sun ga ma'anar wannan da idonsu. Yawancin wutar ƙasar nan da gas ake samar da ita a Kudu, 'yan layuka kaɗan ne suke hauro da ita. A watan Oktoban 2024, layin Shiroro zuwa Kaduna yana lalace saboda ɓarnar da aka yi masa a yankin da 'yan bindiga suka addaba, sai layin da ya taso daga Inugu ta Makurɗi shi ma ya faɗi, jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Maiduguri ta riga kowa ɗanɗanawa tun Janairun 2021, lokacin da aka fasa turakun layin Damaturu, sai a 2023 aka buɗe mata tashar gas mai megawat 50. Rataye yanki guda a kan igiya ɗaya ko biyu shawara ce ta masu tsara kasafi, shekara bayan shekara. Haka tashar Mambila a Taraba, wadda aka tsara za ta ba da megawat 3,050, an shafe shekaru gommai ana ambatonta ba a gina ba. 'Yan'uwanmu na Nijar ma sun shaida cewa makunnin yana hannun hukuma: bayan juyin mulkin Yulin 2023, Nijeriya ta yanke wutar da take sayar musu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da kamfanin NIGELEC yake rarrabawa, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024.

Tun 2023 kuma wata ƙofa ta buɗe. Gyaran tsarin mulki na watan Maris da sabuwar dokar wutar lantarki ta watan Yuni sun ba jihohi ikon samar da wuta da dakonta da rarraba ta, da kafa hukumar sa ido ta kansu. Inugu da Ondo da Ekiti suna cikin na farko da suka karɓa. Gwamna ko ɗan majalisar jiha ba zai ƙara cewa wuta maganar Abuja ce kawai ba.

Hanyar ƙorafi tana nan a rubuce, ko da yake mutane kaɗan suke bin ta. Ana fara kai kuka a rubuce ofishin kula da abokan hulɗa na kamfanin, a riƙe kwafi da shaidar an karɓa. In ba a warware ba, a wuce ofishin sauraren ƙorafi na NERC da ke yankin, daga nan sai hukumar kanta. Ƙa'idar hukumar ta ce sayen taransifoma da falwaya da waya aikin kamfani ne, don haka unguwar da za ta yi karo-karo ta sayi taransifoma, ta nemi yarjejeniya a rubuce tukuna kan yadda za a mayar mata da kuɗinta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayani daga hukumar gwamnati, a amsa masa cikin kwana 7. Aikin da za ku yi kafin darasi na gaba shi ne wannan. Kowa ya nemi sanin sunan layin da ke ba unguwarsu wuta da rukunin da aka sa shi, a takardar bil ko a ofishin kamfani. Sannan ku samu littafi ɗaya, ku raba kwanaki tsakaninku da maƙwabta, har da mai tashi da asuba da mai daɗewa bai kwanta ba, ku riƙa rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi. Bayan kwana 30 ku haɗa sa'o'in, ku raba su gida 30, ku ajiye sakamakon kusa da sa'o'in da aka yi wa rukuninku alkawari, ku zo da shi aji.